Rigar Amarya: A Fito da Ita Daga Akwati

Da zarar an kammala girbi, ko kuma watan Rajab da Sha'aban suka kama, da wuya mutum ya bi hanyar Panshekara, ko ya ratsa Zawaciki da Mariri a ƙarshen mako, bai ci karo da ayarin 'yan kai amarya ba. Haka abin yake a Kura da Bunkure da Garun Malam, inda manomi yakan jira kuɗin shinkafa ko na tumatir su shigo kafin ya tsayar da ranar auren 'yarsa. Bikin yau kuwa ya yi rassa. Ga kamu, ga sa lalle, ga wuni, ga walima, ga dina ga masu hali da masu kwaikwayon masu hali, kuma kowane zama da irin shigar da ake so amarya ta fito da ita. Ana gama biki, a naɗe waɗannan riguna a tura ƙasan akwati ko bayan sif, a bar su nan shekara da shekaru. Ra'ayina shi ne wannan ajiya asara ce da muka saba da ita har muka daina ganinta, kuma abin da ya fi dacewa da rigar biki shi ne ta ci gaba da aiki: a gyara ta a sa, ko a ara wa wata amarya, ko a sayar tun tana da daraja.

Dole a fara rarrabe kayan, domin ba duk abin da amarya ta shigo da shi gidan miji nake nufi ba. Kayan lefe na yau da kullum, wato atamfofi da shadda da leshi da mayafai, suna da aikinsu. Mace za ta ɗinka su sannu a hankali, ta je suna da wani, ta yi sallah da wani, ta ba ƙanwarta ko uwar goyonta wani. Turmin atamfar da ba a yanka ba ma dukiya ce, domin ranar da gida ya shiga matsi ana iya miƙa wa dillaliya ta zaga da shi gidaje ta kawo kuɗi. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba sa gaggawar kai kowane turmi wurin tela. Damuwar tana kan rigunan da aka ɗinka don zama guda: doguwar rigar dina mai jela tana sharar ƙasa, mai duwatsu daga wuya har ƙafa, wadda aka matse ta daidai jikin amarya na wannan makon, da mayafin da aka yi wa ado don ya dace da ita kaɗai. Irin wannan riga ba ta zuwa gidan suna, ba ta zuwa gaisuwar surukai, kuma matar aure mai kunya ba za ta fita da ita unguwa ba. An kashe mata kuɗi fiye da kowace sutura a cikin akwatin, ita ce kuma aka fi gajarta wa rayuwa, awa huɗu ko biyar a ɗakin taro.

Mu dubi inda kuɗin ke fitowa. Arzikin wannan yanki ya dogara ne a kan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan da ake korowa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure. Wanda ya san noman rani ya san kuɗinsa ba na banza ba ne, kuma ba shi da tabbas. Manomi zai sayi taki da iri da magani, ya biya 'yan ƙwadago, ya kwana a gona yana jiran layin ruwa, sannan ya kai kwandunan tumatir Kwanar Gafan ya tarar kasuwa ta cika farashi ya faɗi. A 2016 tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna Sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, mutane da yawa suka tashi hannu rabbana. A cikin garin Kumbotso kuma, ma'aikacin masana'antar Challawa da ɗan adaidaita sahu da malamin makaranta su ne iyayen amare da angwaye. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki Naira ta nemi matsayinta a kasuwa, har dala ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kowane yadi da ake shigowa da shi Kantin Kwari ya ƙara tsada. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne tun 2024, rigar dina mai aikin duwatsu kuwa ba wuya ta lashe albashin watanni. Idan gumin mutane ne ya zama riga, haƙƙin wannan gumi ne a ci moriyarsa fiye da dare ɗaya. Ruwan Tiga kansa, da an bar shi kwance a bayan madatsa, da shinkafar rani ba za ta fito a Kura kamar yadda take fitowa ba. Amfaninsa ya zo ne da aka buɗe masa hanya ya bi gona gona.

Masu ajiya suna zaton rigar tana nan lafiya tana jiransu, alhali kullum daraja take zubarwa. Danshin damina yana sa mata fumfuna, zafin bazara yana narkar da gam ɗin da aka manna duwatsu da shi, farin yadi yana komawa ruwan ƙwai, asu da kyankyaso suna nasu aikin ko da an zuba kafur. Jikin mai ita ma yana canjawa. Bayan haihuwar fari, rigar da aka ɗinka daidai ƙugun budurwa ta zama tarihi. Abin da ya fi duka saurin kashe ta shi ne yayi. Ɗinkin da ake rububi a bana, nan da shekara uku amare za su kalle shi su ce na da ne. Saboda haka rigar da za a iya sayarwa da daraja ko a ara wa amare biyar a shekarar farko, idan aka jinkirta, sai ta kai matsayin da ko kyauta aka bayar ba mai murna. Wadda ke cewa tana ajiye wa 'yarta ta tambayi kanta ko ita da kanta ta yarda ta sa rigar bikin mahaifiyarta. Shekara ashirin tsakanin uwa da 'ya sun ishi yayi ya juya sau da yawa.

Wannan ɗabi'a ta sutura mai amfani sau ɗaya baƙuwa ce a ƙasar Hausa, kuma mutanen Kura sun fi kowa cancantar sanin haka. Garin ya yi suna tun ƙarnonin da suka wuce da rini da bugu, har rawanin nan mai sheƙi da ake kira Ɗan Kura da turkuɗi suka riƙa ƙetare hamada zuwa hannun Buzaye. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga yadda tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. A wancan zamani tufa kuɗi ce, ana biyan bashi da ita, ana gadonta. Idan zane ya koɗe sai a mayar da shi marina ya dawo sabo. Zanen da aka kai amarya da shi yakan zama na fita unguwa, daga baya ya zama na goyo, sai ya tsufa tukuf kafin ya zama tsumma. Farar rigar aure ta Turawa kuwa, Sarauniya Victoria ta Ingila ce ta yayata ta da aurenta a 1840, kuma sai da aka ɗauki lokaci kafin su ma Turawan su mayar da ita abin sawa sau ɗaya. Mu kuma ta iso mana ta finafinai, sannan hotunan Instagram da TikTok suka ƙarasa aikin, har ta kai amarya tana jin kunyar a gan ta da riga ɗaya a zama biyu. Abin lura, a gidan sarautar Ingilan da abin ya samo asali, Gimbiya Beatrice ta yi aurenta a 2020 da tsohuwar rigar kakarta, Sarauniya Elizabeth ta Biyu, bayan an yi mata ɗan gyara, kuma ba wanda ya ce talauci ne ya sa ta.

Hujja mafi ƙarfi ga Musulmi tana cikin Sahihul Bukhari, inda Imamu Bukhari ya ware babi guda a kan yi wa amarya aron kaya. A nan aka ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da wata riga wadda kuɗinta bai wuce dirhami biyar ba, kuma a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, duk matar da za a yi wa kwalliyar aure a Madina sai an aiko an ari irin wannan riga a wurinta. A cikin ruwayar har ta nuna wata yarinyar gidanta wadda daga baya take ganin rigar ba ta kai ta sa ko a cikin gida ba, abin da ke nuna cewa raina tufar jiya ba yau aka fara ba. Darasin a fili yake: uwar muminai ba ta ɓoye rigarta ba, amaren sahabbai kuma ba su ji kunyar aro ba. Malaman tafsiri da dama sun fassara abin da aka zargi masu hana shi a ƙarshen Suratul Ma'un da kayan amfanin gida da maƙwabta ke ara wa juna, kamar tukunya da guga da gatari. Alƙur'ani ya halatta ado, ya kuma hana almubazzaranci. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ana iya yin hubusi da abin da ake ɗauka a hannu, har da tufafi, ba sai gida ko gona ba. Wato matar da ba ta mallaki fili ko rijiyar da za ta bayar sadaka mai gudana ba, tana da abin da za ta bayar a cikin akwatinta.

Hanyoyin fito da rigar uku ne, kuma kowace amarya ta zaɓi wadda ta dace da halinta, domin rigar mallakinta ce, ba mai tilasta mata. Ta farko ita ce gyara. Tela mai basira zai iya yanke jelar, ya saki ƙugun, ya ƙara hannu, ya rage duwatsu, rigar ta koma abin zuwa bikin dangi. Yadin da ya ragu ya isa rigar sallah ga ƙaramar yarinya. Ta biyu ita ce sayarwa ko ba da haya. Dillalai mata sun daɗe suna wannan sana'a tsakanin gidaje, ga kuma masu shagunan hayar kayan amare da suka fara yawa a cikin birni, waɗanda ke sayen rigar da aka sa sau ɗaya. Amaryar da ta sayar da rigarta a watan farko ta sami jarin ƙulle-ƙullen kayan miya, ko na sarin shinkafa 'yar Kura, ko na tunkiyar kiwo, ta yi wa sabon gidanta abin da rigar ba za ta taɓa yi masa ba tana naɗe. Ta uku, wadda na fi so ga duk wadda Allah Ya hore wa, ita ce aro saboda Allah, domin ita ce ke sauke nauyi daga kan gidan da ba shi da shi.

Aro tsakanin mutum da mutum yakan lalace idan babu tsari, don haka ya kamata a ba shi gida. Ba sai an jira gwamnati ba. Kowace unguwa a Kumbotso, kowane ƙauye a Bunkure, akwai makarantar Islamiyya ta matan aure, akwai ƙungiyar adashi, akwai dattijuwar da kowa ya yarda da amanarta. Sif guda da littafin rubutu guda sun isa a fara. A rubuta sunan mai bayarwa da sharaɗinta, a karɓi ɗan kuɗin wanki da guga daga mai aro, a sa ranar dawowa, a kuma ɓoye sunan wadda ta ara. Fiƙihunmu ma bai bar wannan a buɗe ba, domin a Malikiyya wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa da kayan ado, shi ke da alhakin biya idan ya ce ya ɓata, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. An gwada irin wannan a wasu wurare ya yi aiki. A jihar Kerala ta Indiya, wani direban tasi a gundumar Malappuram ya buɗe ma'ajiyar rigunan aure a 2020, masu hali suna kawo nasu, amaren talakawa suna zuwa su zaɓa kyauta. A nan gida, lokacin da gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 ta hannun Hukumar Hisbah a watan Oktoban 2023, an ga yawan gidajen da kuɗin biki kaɗai ke hana su aurar da 'ya'yansu. Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha za ta iya sa albarka ta kuma tsara ƙa'ida, amma aikin na matan unguwa ne.

Za a ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma amarya ba ta son ranar farin cikinta ta zama ranar gori. Wannan tsoro gaskiya ne, domin bakin mutane ba shi da linzami, kuma kishiya ko dangin miji na iya riƙe maganar shekaru. To amma mu duba abin da muke yi a bikin. Rumfa haya ce, kujeru haya ne, ɗakin taro haya ne, motar da ta ɗauki amarya sau da yawa ta abokin ango ce, sarƙar zinaren da ke wuyanta ma wani lokaci ta yayarta ce. Ba wanda ya taɓa cewa aure bai ɗauru ba saboda haka. Me ya sa riga kaɗai za ta zama abin kunya? Kwance ma ba abin raini ba ne a al'adarmu. Idan sarki ya tuɓe rigarsa ya ba bafade ko malami, girmamawa ce da ake ba jikoki labari. Gori yana da ƙarfi ne idan talaka kaɗai ke aro. Ranar da 'yar mai kuɗi ta sa rigar yayarta ta kuma faɗa da bakinta, ranar ce gorin zai fara mutuwa. Karin maganar zanen aro yana gargaɗi ne ga wanda ya dogara da kayan wani a rayuwarsa ta kullum. Rigar awa biyar ba ta cikin wannan, kuma bashin da aka ci don ɗinka sabuwa ya fi aro tona asiri, domin mai bin bashi har ƙofar gida yake zuwa.

Wasu kuma za su ce rigar abin tunawa ce, tana ɗauke da ranar da ba za ta dawo ba. Ban raina wannan ba. Sai dai amaryar yau tana da hotuna da bidiyo fiye da yadda za ta iya kallo, abin da kakarta ba ta samu ba. Idan zuciya ta nace, a riƙe mayafin ko ɗankwalin, ko a zaɓi riga ɗaya cikin huɗu a ajiye, sauran su fita. Akwai kuma masu tsoron sammu, masu cewa ba a ba wani tufar da ta taɓa jikin amarya don kada a yi mata asiri a raba ta da miji. Wannan magana tana da tushe a zukatan mata da yawa, kuma ba a kawar da ita da dariya. Amsar ita ce mace tana ba ƙannenta kwance kullum, tana kai kaya wurin mai wanki, tana barin awonta da yadinta wurin tela mako da makonni, ba ta ce za a cuce ta ba. Musulma ta yi azkar ɗinta ta dogara ga Allah, ta wanke rigar tas kafin ta bayar, ta kuma bi ta hannun wadda ta amince da ita. Wankin nan shi ne kuma amsar masu ƙyanƙyami da masu tsoron cutar fata. Game da miji da danginsa da za su iya jin an raina kyautarsu, maslaha ita ce a yi shawara da shi tun farko. Namijin da aka ce masa ladan suturta amarya marainiya zai hau kansa shi ma, da wuya ya ƙi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu sana'a. Idan amare suka koma aro, ina tela zai sa kansa, ina ɗan Kwari zai sami ciniki? Gaskiya ne wasu ɗinkunan za su ragu. Amma a duba inda mafi yawan kuɗin rigar ke tafiya. Masaƙun Kano da Kaduna da suka ɗauki dubban ma'aikata a da, yawancinsu sun rufe. Leshi da tul da duwatsun da ake yi wa amarya ado da su daga Sin da Indiya da Turai ake shigo da su, don haka kaso mai yawa na kuɗin manomin Kadawa yana ƙarewa ne a wata ƙasa. Abin da ke zama a gida shi ne ladan hannu, kuma rigar da ke yawo tsakanin amare tana buƙatar hannu a kowane zagaye: a rage nan, a ƙara can, a mayar da dutsen da ya faɗi, a wanke, a goge. Kuɗin da iyali suka tsimi kuma ba ƙasa za su binne shi ba. Zai koma katifa da tukwane da buhun abinci na gara, ko atamfar da za a ɗinka a sa shekara biyar, duk a kasuwannin Kano, duk ta hannun telolin unguwa.

Gyaran na gaskiya yana farawa tun kafin almakashi ya taɓa yadi. Uwar amarya da ƙawayenta su tambayi tela tun ranar awo: bayan biki, me za a yi da wannan riga? A bar sarari a cikin ɗinki yadda za a iya saki, a yi jelar da ake cirewa, a zaɓi launi da fasalin da matar aure za ta iya fita da shi ba tare da ta saɓa wa addininta ba. A rage yawan canjin kaya. Zama uku ba ya wajabta riga uku. Malamai masu wa'azin aure, da malamai mata a Islamiyyu, su riƙa karantar da babin aron amarya kamar yadda suke karantar da babin sadaki, domin mata da yawa ba su taɓa jin sa ba. Matan da suka yi aure bara da bara waccan kuma su buɗe akwatunansu kafin bukukuwan Sha'aban mai zuwa, su fito da abin da ba su sa ba tun ranar dina, su nemi amarya a danginsu ko a maƙwabtansu wadda mahaifinta ke lissafin sayar da akuya ko jinginar da gona saboda kayan fitar biki, su aika mata.